Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙungiyarmu ta iyaye Hausawa mazauna Amurka: batun bidiyon makaranta, umarnin zaɓe da kulle zaure

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugaban ƙungiyarmu da mataimakansa, da dattawan kwamitin amintattu, da malamanmu masu ba da shawara, da iyayenmu na ɓangaren mata, da masu kula da zauren WhatsApp na iyayen yara. Ina gaishe ku da gaisuwar girmamawa, tare da fatan kuna lafiya da iyalanku. Allah ya ƙara muku haƙurin ɗawainiyar da kuke yi da mu a wannan ƙasa. Babu wanda ya manta cewa ku ne kuke tsaye idan an yi haihuwa, ku ne kuke tsaye idan an yi rasuwa ana neman yadda za a yi da kuɗin maƙabarta, kuma ƙofarku baƙo yake fara ƙwanƙwasawa ranar da ya sauka. Wannan alheri shi ne ya sa kalmarku take da nauyi a kunnenmu, kuma nauyin nan ne ya tilasta mini ɗaukar alƙalami.

Ni 'yarku ce, uwar yara uku da ke karatu a makarantun gwamnati na wannan gunduma, kuma shekara 9 ke nan ina yin tafinta na sa kai tsakanin malamai da iyayen da Turancinsu bai nuna ba. Ina magana da yawun kaina, da yawun wasu iyaye maza da mata, Musulmi da Kirista, da muka zauna muka tattauna, ciki har da mutum huɗu da aka cire daga zaure. Na so a ce a cikin gida muka yi wannan magana, amma tun da aka kulle zauren ta yadda masu kula da shi kaɗai ke iya rubutu, kuma wasiƙa biyu da muka aika wa sakatare ba su samu amsa ba, babu hanyar da ta rage mana sai wannan. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Abubuwa uku kwamiti ya yi a cikin mako guda: ya tura wani bidiyo na darasin jinsi da aure a ajin ƙananan yara da sunan ƙungiya yana cewa daga makarantar 'ya'yanmu ya fito, ya ba da umarnin kowa ya zaɓi wasu 'yan takara a zaɓen hukumar makarantu, sannan ya cire waɗanda suka tambayi asalin bidiyon.

Kafin in shiga ƙorafi, bari in faɗi inda nake tsaye, domin na ji ana cewa mu da muka yi tambaya mun sayar da addininmu. Damuwar da kuke da ita game da abin da ake koya wa ƙananan yara a kan jinsi da aure, ni ma ina da ita, kuma ban taɓa ɓoye ta ba a gaban kowane malami. Na yi imani cewa uwa da uba ne suka fi kowa haƙƙin fara buɗe wa ɗansu wannan babi, a lokacin da suka ga ya dace, da harshen da suka zaɓa, bisa abin da addininsu ya karantar. Yaron da bai gama koyon ɗaure igiyar takalminsa ba, bai kamata a ɗora masa tambayoyin da manya ma suke taƙaddama a kansu ba tare da an sanar da iyayensa ba. Saboda haka saɓaninmu da ku a kan hanya ne, domin hanyar da aka bi ta raunana haƙƙin da muke son karewa.

Ƙorafinmu na farko shi ne bidiyon. Tsawonsa bai kai minti ɗaya ba, an yanke farkonsa da ƙarshensa, an kuma haɗa shi da saƙon murya da Hausa wanda ya ambaci sunan makarantarmu da ajin da ake zargi. Da na kalle shi sau uku sai na lura da abin da duk wanda ya taɓa shiga ajin zai lura da shi: tagogin ajin da ke bidiyon suna hannun dama, na ajin 'yata suna hagu, kuma tutar jihar da ke jingine kusa da allo ba ta jiharmu ba ce. Ɗana babba ya ɗauki hoto ɗaya daga ciki ya bincika a intanet, cikin ɗan lokaci ya gano cewa bidiyon ya shekara biyu yana yawo, kuma an riga an jingina shi ga makarantu daban-daban a garuruwa daban-daban. Binciken da yaro ɗan shekara 15 ya yi kafin a kira sallar isha'i, kwamiti mai dattawa da masu digiri bai yi shi ba kafin ya sa tambarin ƙungiya a kan saƙon. Malamanmu sun fi ni sanin ayar Suratul Hujurat da ta umarce mu da bin diddigin labari, don kada mu afka wa wasu mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama, kuma 'yan'uwanmu Kiristoci suna da hani a kan shaidar zur a cikin dokoki goma. Wannan umarni bai ware labarin da ya zo ta waya ba.

Ga abin da ya biyo baya. A daren aka sa suna da hoton malamar ajin a zaure, wasu suka ɗauka suka kai wasu zauruka, washegari ofishin makaranta ya cika da kiraye-kirayen waya, wasunsu da zagi. Wannan malama ita ce ta zauna da 'yata bayan an tashi, watanni a jere, har bakinta ya buɗe da karatu, kuma ita ce ta nema wa yaranmu ɗakin da za su zauna lokacin cin abincin rana a watan azumi ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Yanzu ba ta ganin ko ɗaya daga cikinmu sai shugabar makaranta tana zaune. Ranar da na je yin tafinta ga wata 'yar'uwarmu, na ga hannun malamar yana rawa a kan takardar sakamakon yaron, ba ta iya ɗaga ido ta dube mu ba. Da daddare 'yata mai shekara 8 ta tambaye ni, "Mama, da gaske malamarmu mutuniyar banza ce?" Na rasa amsar da zan ba ta wadda ba za ta zubar da mutuncin malamar ko na dattawan da take gaisarwa da rusunawa ba. An shafa wa baiwar Allah kashin kaji da sunanmu, kuma har yau ba a ba ta haƙuri ba.

Na san masu cewa ai a WhatsApp aka samu, daga hannun ɗan'uwa, saboda haka babu ruwan kamfani a ciki. Amma irin waɗannan bidiyoyi ba a WhatsApp ake haihuwarsu ba. Suna fitowa ne daga TikTok da Facebook da X, inda tsarin kwamfuta yake auna abin da ya fi riƙe idon mutane ya ƙara tura shi gaba, domin da daɗewar mutum a kan shafin ake sayar da talla. Takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamomin motsin rai, har da fuskar nan ta fushi, nauyin da ya ninka na alamar so sau biyar wajen zaɓar abin da za a nuna wa jama'a, kafin daga baya ya rage. Wani bincike da masana na jami'ar MIT suka wallafa a 2018, bayan sun bi sawun labarai kimanin 126,000 a Twitter (wato X ta yanzu), ya gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu yaɗa shi da kashi 70 cikin ɗari, kuma mutane ne da yatsunsu suka fi yin wannan aiki. Ke nan duk bidiyon da ya iso wayar dattijonmu ya riga ya ci gasar tayar da hankali a wani wuri, shi ya sa ya iso. WhatsApp kansa ya san haka, shi ya sa tun 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, kuma yake sa alama a kan saƙon da aka tura sau da yawa. Alamar nan tana jikin bidiyon da kwamiti ya turo mana.

Da muka faɗi haka, amsar da aka ba mu ita ce kafafen sada zumunta na ɓangaren Dimokurat ne, suna ɓoye gaskiya, don haka duk abin da ya kuɓuce musu ya iso gare mu shi ne gaskiyar. Ina son in tsaya a nan, saboda wannan tunani ne ya fi komai ruɗa mu. Masu ra'ayin riƙau a ƙasar nan suna da hujjojinsu na zargi. A Oktoba 2020 Twitter ya toshe yaɗa labarin wata jarida game da ɗan Joe Biden ana dab da zaɓe, shugaban kamfanin na lokacin, Jack Dorsey, ya amsa daga baya cewa kuskure ne, kuma a Agusta 2024 shugaban Facebook, Mark Zuckerberg, ya rubuta wa majalisar wakilai cewa jami'an gwamnatin Biden sun matsa wa kamfaninsa lamba a kan wasu rubuce-rubucen cutar korona. Amma ɗaya ɓangaren ma yana da nasa hujjojin. Binciken da Twitter ya yi da kansa ya fitar a Oktoba 2021 ya nuna cewa a ƙasashe shida cikin bakwai da aka duba, har da Amurka, tsarinsa ya fi ɗaukaka muryar 'yan siyasa masu ra'ayin riƙau, Jamus ce kaɗai ta fita daban. A Oktoba 2022 Elon Musk ya sayi kamfanin a kan dala biliyan 44, ya mayar da shafin Donald Trump da aka rufe a Janairu 2021, sannan ya fito fili ya mara masa baya a 2024. A Janairu 2025 kuma Zuckerberg ya sanar da daina aiki da masu tantance gaskiyar labarai a Amurka, ya sassauta dokokin magana a kan jinsi da shige da fice. Wanda ya bi wannan tarihi zai ga cewa kamfanonin nan suna karkata ne zuwa inda iskar mulki da kasuwa ta kaɗa, kuma abu ɗaya da ba su taɓa sauyawa ba shi ne son abin da zai sa mutum ya kasa ajiye waya. Babu ɗayansu da ya san ajin 'yata, kuma saƙon muryar da aka yi da Hausa a rufaffen zaure babu mai tantance shi sai mu kanmu.

Ba mu kaɗai ne wannan tarko ya kama ba. A 2022 jita-jitar cewa makarantu suna ajiye akwatunan bahaya irin na kyanwa domin ɗaliban da suke ɗaukar kansu dabbobi ta zagaya ƙasar nan, har wani ɗan majalisar jihar Nebraska ya maimaita ta a zauren majalisa, ya janye bayan makarantun sun ƙaryata. Idan mai ofishi da ma'aikata ya faɗa, mu ma za mu iya faɗawa. Abin da nake nema shi ne mu ma mu iya janyewa.

Ƙorafi na biyu shi ne umarnin zaɓe. Kowane ɗayanmu da ke da ƙuri'a yana da 'yancin jefa ta inda ya ga dama, kuma ba na tuhumar wanda ya zaɓi waɗannan 'yan takara. Abin da nake tuhuma shi ne a ɗauki ƙungiya sukutum, wadda aka kafa don zumunci da taimakon juna, a miƙa ta ga wani ɓangare kamar kayan gado. Mun daɗe a ƙasar nan har mun san halin jam'iyyun biyu. A muhawarar takarar gwamnan Bajiniya ta 2021, ɗan takarar Dimokurat Terry McAuliffe ya ce ba ya ganin ya kamata iyaye su riƙa faɗa wa makarantu abin da za su koyar, kuma ya sha kaye a hannun Glenn Youngkin. A 2023 wata 'yar majalisar gundumar Montgomery a jihar Merilan ta ce batun littattafan makaranta masu magana a kan jinsi ya sa wasu iyalai Musulmi sun tsaya layi ɗaya da masu aƙidar fifita farar fata, sai da ta nemi afuwa. Waɗannan kalamai sun yi mana ciwo. To amma ba mu manta da Janairu 2017 ba, lokacin da gwamnatin Rifablikan ta hana 'yan ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shigowa, ba mu kuma manta da farkon 2020 ba, lokacin da aka dakatar da bizar zama ta 'yan Najeriya, wasu a cikin zauren nan suka yi ta jiran matansu da 'ya'yansu. Wani ɓangare yana son ƙuri'armu amma yana ƙyamar abin da muka yi imani da shi a kan iyali, wani kuma yana son hotonmu da hijabi da hula a gaban ofishin makaranta amma bai damu da ko 'yan'uwanmu sun samu shigowa ba. Idan muka rungumi ɗaya ido rufe, mun zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shin akwai wanda ya tambayi 'yan takarar da aka ce mu zaɓa matsayinsu a kan darasin Turanci na yaran baƙi, ko kuɗin tafinta, ko hutun ranar idi, ko motar makaranta? Hukumar da za a zaɓa ita ke yanke hukunci a kan waɗannan duka.

Akwai kuma haɗarin doka, wanda na yi mamakin yadda ya wuce kwamiti. Ƙungiyarmu tana da rajistar ƙungiyoyin agaji da aka yafe wa haraji, kuma dokar harajin Amurka tun 1954 ta hana irin waɗannan ƙungiyoyi goyon bayan ɗan takara ko adawa da shi. Saƙo guda mai ɗauke da tambarinmu zai iya jefa wannan rajista cikin matsala, tare da asusun jana'iza da na tallafin karatu da aka tara dala-dala. Abin da ya fi wannan tayar mini da hankali shi ne yadda saƙon ya ce "kowa da kowa ya fito ya kaɗa ƙuri'a", alhali da yawa a cikinmu katin zama kawai suke da shi, wasu ma takardunsu suna kan hanya. A mafi yawan wurare a ƙasar nan ɗan ƙasa ne kaɗai ke da ikon zaɓe, kuma wanda ya sa hannu a takardar rajista yana iƙirarin zama ɗan ƙasa alhali bai zama ba, yana iya rasa damar samun takardar ɗan ƙasa, har a kore shi. Wata dattijuwa ta kira ni tana tambayar inda za ta je ta yi rajista, tunda shugabanni sun ce wajibi ne. Da ba ta kira ba fa?

Wani abu kuma shi ne yadda ake yi mana magana kamar Amurka makaranta ɗaya ce mai manhaja ɗaya. Ƙasar nan tana da hukumomin makarantu fiye da 13,000, kuma jihohi da gundumomi ne ke tsara mafi yawan abin da ake koyarwa. A Fulorida, dokar da gwamna Ron DeSantis ya sa wa hannu a Maris 2022 ta hana koyar da batun jinsi da sha'awar jinsi daga ajin share fage zuwa aji uku, aka faɗaɗa ta a 2023, sannan wani sulhun kotu a Maris 2024 ya fayyace cewa darasi aka hana, ambaton batun a hira bai zama laifi ba. A Kalifoniya kuwa, dokar da aka sa wa hannu a Yuli 2024 ta hana hukumomin makarantu tilasta wa malamai sanar da iyaye idan ɗalibi ya ce ya sauya jinsin da ake kiransa da shi. Jiha biyu, alƙibla biyu. Uban da yake son ya san abin da ke faruwa da ɗansa ba zai same shi a bidiyon wata jiha ba, sai a manhajar gundumarsa da bakin malamin ɗansa, kuma gani ya kori ji.

Abin takaicin shi ne muna da haƙƙoƙi na gaske, amma kwamiti bai taɓa kiran taro ko ɗaya don ya bayyana mana su ba. Dokar tarayya ta kare haƙƙin ɗalibai, wadda ta samo asali a shekarun 1970 aka faɗaɗa ta daga baya, ta ba iyaye damar neman ganin kayan koyarwar da ake amfani da su a ajin 'ya'yansu. Sannan ga hukuncin Kotun Ƙoli na 27 ga Yuni 2025 a shari'ar Mahmoud da Taylor. Gundumar Montgomery ta shigar da wasu littattafan labarai masu ɗauke da batun auren jinsi da sauya jinsi cikin darasin Turanci na ƙananan azuzuwa a 2022, da farko tana barin iyaye su cire 'ya'yansu, sai ta soke wannan dama a Maris 2023. Iyaye Musulmi da Katolika da 'yan cocin Otodoks suka haɗa kai suka shigar da ƙara, alƙalai shida cikin tara suka ce dole a sanar da su kuma a bar su su cire yaransu daga waɗannan darussa. Ku lura, iyayena, cewa abin da suka kai kotu shi ne sunayen littattafai na gaske da takardun hukuma masu kwanan wata, kuma abin da suka samu shi ne damar janye nasu 'ya'yan, hukuncin bai ce a kwashe littattafan daga hannun 'ya'yan wasu ba. Ni kaina na gwada wannan hanya. Na nemi jerin littattafan zangon karatu, na ga guda ɗaya da ban yarda a karanta wa 'yata ba, na cika takarda mai shafi ɗaya, kuma a ranar da aka karanta shi ta zauna a ɗakin karatu da wani aikin. Malamar da aka zaga ita ce ta miƙo mini takardar da hannunta. Yanzu duk uwar da ta je da irin wannan buƙata za ta tarar da fuska a ɗaure, saboda an riga an san mu a matsayin mutanen da suka yaɗa ƙarya.

Na bar maganar 'ya'yanmu zuwa nan saboda ita ta fi yi mini nauyi. Yaranmu suna jin saƙonnin muryar da muke kunnawa a falo. A makon da bidiyon ya fita, wasu yaranmu biyu suka tare wani ɗan ajinsu wanda mata biyu ke riƙonsa, suka yi ta jifansa da kalmomin da suka ji a bakin manya har ya fashe da kuka, aka dakatar da su kwana uku, aka rubuta a takardunsu. Wancan yaro bai zaɓi gidan da zai tashi ba, kuma babu addinin da ya halatta mana cin zalinsa. Mu da muka san zafin a ja wa 'yarmu ɗankwali a motar makaranta, ko a kira ɗanmu ɗan ta'adda, mu ne ya kamata mu fi kowa gudun koya wa yaro wulaƙanta ɗan wani. Ana iya riƙe aƙida da ƙarfi a kuma yi wa maƙwabci adalci, kuma abin da aka tarbiyyantar da mu a kai ke nan. Matasanmu kuma, waɗanda suka fi mu sanin yadda ake yanka bidiyo, sun ga dattawansu sun gaskata abin da su suka gane ƙarya ne cikin minti kaɗan. Ɗana ya ce mini, "Mama, idan wannan ba gaskiya ba ne, me kuma suka faɗa mana da ba gaskiya ba?" Yaron da ya fara wannan tambaya, ranar da wani abu ya ɗaure masa kai game da jikinsa ko abin da ya ji a aji, wayarsa zai tambaya, kuma tsarin da ya kawo mana bidiyon shi zai ba shi amsa.

Game da mutum huɗun da aka cire, na karanta abin da kowannensu ya rubuta. Babu zagi, babu rashin kunya. Ɗaya ya ce, "Don Allah a wace makaranta aka ɗauki wannan?" Ɗaya kuma ta ce a dakata har a ji ta bakin malamar. An kira su 'yan koren Dimokurat, an cire su a gaban kowa, kuma biyu daga cikinsu suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nan.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Muna roƙon kwamiti ya fitar da sanarwa a zauren da aka tura bidiyon, a rubuce da kuma saƙon murya, da Hausa, cewa bidiyon ba daga makarantarmu ya fito ba, a kuma nemi duk wanda ya tura shi wani wuri ya bi shi da wannan gyara. Muna roƙon shugaba da dattawa biyu su je makarantar da ƙafarsu su ba malamar haƙuri, ni kuma na ɗauki nauyin yin tafinta. A janye umarnin zaɓe kafin ranar zaɓen ta zo, a kuma bayyana ƙarara cewa wanda bai zama ɗan ƙasa ba kada ya yi rajista sai ya tuntuɓi lauyan shige da fice. Idan ana son al'ummarmu ta san 'yan takara, a gayyace su duka zuwa taro ɗaya, a yi musu tambayoyi iri ɗaya, kowa ya koma gida ya yanke shawararsa.

Muna roƙon a mayar da mutum huɗun nan, a buɗe zauren, a kafa ƙa'idar cewa ba za a ƙara sa suna ko hoton wani malami ko ɗalibi ba, kuma duk labarin da ya shafi makarantun 'ya'yanmu ba zai fita da sunan ƙungiya ba sai mutum biyu sun tabbatar da inda aka ɗauke shi da ranar da aka ɗauka. A sa matasanmu cikin masu wannan tantancewa, domin sun iya, kuma hakan zai dawo da su kusa da mu. A kafa ƙaramin kwamitin iyaye, maza da mata, da zai karɓo jerin littattafai a farkon kowane zango, ya halarci zaman hukumar makarantu wanda ƙofarsa a buɗe take ga kowa, ya fassara takardar cire yaro daga darasi zuwa Hausa, ya kuma taya duk mai buƙata cika ta. Daga malamanmu na addini kuma muna neman zama na musamman a kan yadda uwa da uba za su amsa tambayoyin 'ya'yansu game da jinsi cikin natsuwa, gwargwadon shekarun yaro, ba tare da tsawa ba kuma ba tare da koya masa ƙin mutane ba, domin da yawanmu ba a taɓa yi mana irin wannan magana ba, ba mu san ta inda ake farawa ba.

Muna fatan samun amsarku a rubuce kafin taron wata mai zuwa, kuma muna roƙon a sa wannan batu a jerin abubuwan da za a tattauna a ranar. Za mu zo da jerin littattafan zangon nan da kwafin takardar cire yaro daga darasi, don duk wanda yake son ya gani da idonsa. Idan akwai kalmar da ta yi kaifi a wasiƙar nan, ina neman afuwarku. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ƙara muku lafiya.

Wassalam.

'Yarku,
a madadin iyayen da suka amince da wannan wasiƙa.